Jinginar Baffa Hammajoda

Kamfanin Rancen Sauƙi ya ƙwace gidan Baffa Hammajoda da ke bakin Fadaman Mada, a cikin watan da aka ba mu mulkin kai. Da rana tsaka aka fito da shi da matarsa Dada, aka jibge musu tabarmi da ƙore a bakin hanya, aka danna kwaɗo a ƙofa. Ba ƙin biya ya yi ba. Da ƙafarsa ya kai musu kuɗinsu cif, suka ce ya makara. Ni maƙwabciyarsu ce, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, ƙofarmu na kallon tasu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

A ruga aka haifi Baffa, can bayan Miri. Ya tashi ya tarar da garken ubansa, ya yi kiwo har gemu ya fito masa. Sai ciwon bushiya ya shiga shanun, abin da ciwo ya rage jangali ya ƙarasa. Ya shigo Bauchi tun kafin a yi yaƙin Bama, daga shi sai sanda da Dada da 'yar butarsa. Bai iya saƙa ba, bai iya dukanci ba, bai iya ciniki ba, saniya kawai ya sani. To ita ce ta ci da shi. A kasuwar shanu yake wuni, in mahauci ko falke zai sayi dabba sai a kira shi ya buɗe bakinta ya dubi haƙori, ya shafa ciki, ya ce wannan tana da ciki, waccan ta taɓa ciwon huhu, a ba shi 'yar la'adarsa. Dillalai ba su cika son ganinsa ba, don ba ya rufa wa dabba asiri. Dada kuwa nono da man shanu take sayarwa, ƙanenta Hammawa ke aiko mata daga Miri.

Da wannan la'adar ya gina gidan, ɗaki bayan ɗaki. Shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya yi tubalin, Dada ta ɗebo ruwa daga fadama. Ɗaki biyu a ciki na kwanansu, biyu a waje masu kallon hanya, da zaure, da bishiyar lemun tsami a tsakar gida wadda duk unguwa muke tsinka. Allah ya ba su haihuwa, bai bar musu ko ɗaya ba. Ba ɗa, ba garke. Gidan nan shi ne abin da za su tsufa a ciki, hayar ɗakunan waje kuma ita ce za ta ciyar da su ranar da ƙafa ta daina kai shi kasuwa.

Daminar 1956 aka yi ruwan da ya kwana biyu bai ɗauke ba. Ɗakunan waje suka zube, katangar gaba ta bi su. Mutane suka yi ta zuwa jaje. Cikin masu jajen har da Mansir, ɗan unguwa ne, kowa ya san uwarsa, ya taɓa yin akawu a kanti aka sallame shi, sai ga shi da sabon keke da agogo a hannu, wai yanzu shi ne wakilin kamfanin ba da rance. Lokacin ban tare a unguwar ba tukuna, amma yadda suka yi na ji daga bakin Baffa, na ji daga bakin Modibbo limamin masallacinmu, kuma maganarsu ba ta saɓa ba.

Mansir ya durƙusa ya ce, "Baffa, sannu da wannan abu. Allah ya mayar da alheri. Ai don irin wannan rana aka kafa kamfaninmu. Fam talatin zai tayar maka da ɗakunan nan, har ka rufa su da kwano ka huta da yaɓe."

Baffa ya ce, "Kai yaro, wa zai ba ni fam talatin? Ko akuya ba ni da ita."

"Jingina za ka yi, irin wadda ka sani. In an gina ɗakunan, mu riƙa karɓar haya. Ranar da Allah ya hore maka, ka kawo mana kuɗinmu, ka karɓi abinka."

"Wato ku sha nono, saniya tana nan tawa."

Mansir ya yi dariya ya ce, "Yawwa Baffa, ai ka fi ni iya faɗa."

A nan aka yanka shi, kuma da wuƙarsa. Duk wanda ya tashi a ruga ko a ƙauyukanmu ya san abin da ake kira jingina. Ka shiga matsi, ka kai wa mai hali saniyarka ko gonarka, ya ba ka kuɗi. Yana tatsar nono, yana noma gonar, wannan shi ne morarsa. Bashin ba ya ƙaruwa. Ba a yanka maka rana. Ko shekara goma ka yi, ko ka mutu ɗanka ya zo da kuɗin, dole a mayar da abin, don har abada jingina ba ta zama ta mai riƙo. Uban Baffa ya jinginar da saniya ya fanshe ta bayan shekaru, shi ma an jinginar masa ya mayar. Wannan jinginar ya sani, ita ya ɗauka ya yi. Mansir kuwa ya san sarai ita Baffa ke nufi, da yake shi ma ba daga sama ya faɗo ba.

Baffa bai yi gaggawa ba, sai da ya kira Modibbo shaida. Modibbo ya dubi Mansir ido cikin ido ya ce, "Akwai ƙari a kan kuɗin nan?" Mansir ya rantse babu, sai ɗan ladan takarda. Aka yi fatiha a zaure. Washegari aka kai Baffa ofishin kamfanin shi kaɗai, aka shimfiɗa masa takarda da Turanci, aka shafa masa tawada a babban yatsa, ya dangwala. Kwafi ma ba a ba shi ba. Shi kuma bai nema ba, don a ganinsa maganar da aka yi a gaban liman ita ce magana, takarda kuwa al'adar mutanen ofis ce, kamar yadda suke sa hular kwano.

Aka gina ɗakuna, kwano na walƙiya. Wata tela mai suna Comfort, 'yar Kudu, ta kama ɗaya ta sa kekenta, wani mai gyaran fitila ya kama ɗayan. Duk ƙarshen wata masinjan kamfani ya zo ya karɓi haya ya tafi. Baffa kuwa ya shiga tara kuɗin fansa yadda ya iya tari. Shi ba ya ajiye sule a gwangwani. Ya matse bakinsa ya sayi karsana, ya kai wa Hammawa a Miri, ta girma ta haihu, ya bar ɗan maraƙin ya zama sa. Da na tare a unguwar na ji labarin, na taɓa ce masa, "Baffa, ka riƙa kai musu kaɗan-kaɗan mana, ka kuma tambaya ina aka kwana." Ya dube ni kamar na ce ya fita ba wando. Ya ce, "Malama, mutumin da ya rufa maka asiri ba ka zuwa masa da guntu-guntu. Ba ka kuma zuwa masa hannu wofi kana tambaya, kamar kana zarginsa. Rana ɗaya za ka je, da abinsa a cike."

Kamfani bai taɓa aiko masa da tuni ba, ko sau ɗaya. Shi kuma wannan shirun ya ɗauke shi mutunci ne. Yakan ce, "Mutanen nan 'yan halak ne, ko a hanya Mansir ya gan ni ba ya ɗaga maganar." Duk Sallah sai ya sa Dada ta cika ƙwarya da man shanu mai kyau, ta rufe da faifai, ta kai ofis a ba manaja. Suna karɓa. Wallahi suna karɓa, har su ce a gaida Baba. Shekara huɗu suna cin man shanun tsohon nan, alhali tun a ta biyu sun riga sun rubuta gidansa cikin dukiyarsu.

Comfort ce ta fara jin ƙanshin abin. Wata rana ta tsallako wurina da tsumma a kafaɗa, ta ce, "Malama, wasu mutane ya zo da igiya ya auna gida. Ba shago kawai ba, har ciki, har wurin lemu. Baba ya sayar ne?" Muka je muka gaya masa. Ya ce ai mutanen jirgin ƙasa ne, tun da aka ce dogo zai iso Bauchi ba inda ba su auna ba. Gaskiyarsa ta wani gefen, dogon ne ya jawo. Duk gidan da ke bakin hanya kuɗinsa ya tashi, masu ido sun gani tun kafin mu gani.

Gab da babbar Sallar bara, da shanu suka yi daraja, Baffa ya sayar da san da uwar. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki Modibbo, suka nufi ofis. Mansir na hango su ta taga ya fice ta ƙofar baya. Manaja Mista Festus ya karɓe su. Baffa ya kwance ƙullin kuɗin ya ajiye a tebur ya ce, "Ga amanarku. Allah ya saka da alheri, kun yi haƙuri da ni."

Mista Festus bai ko taɓa kuɗin ba. Ya ce, "Baba, wannan magana ya rufe tun bara waccan. Gida na kamfani ne yanzu. Mun bar ka ka zauna ne kawai."

Baffa ya juya wajen Modibbo ya ce, "Me ya ce?" Ba don bai ji Hausar ba.

Da suka dawo Modibbo ya aiko aka kira ni. Washegari na yafa gyale na tafi ofishin, na ce a ba ni takardar in gani. Suka ce ni wace ce. Na ce ni 'yarsa ce, kuma ba zan tashi daga bencin nan ba sai na karanta, in sun ga dama su kira ɗan doka. Aka kawo. Na karanta ta tun daga sama har inda yatsan Baffa yake. Ba ɗaki biyu aka jinginar ba, gidan ne gaba ɗaya da filinsa. Akwai kuɗin ruwa duk wata, wanda ba a biya ba a ɗora shi a kan uwar kuɗi shi ma ya yi ruwa. Hayar da suka shekara huɗu suna kwasa ba ta rage ko anini daga bashin ba, wai ita ladan kula da gida ce. Wa'adi shekara biyu, in ya wuce gida ya zama nasu, ba sai sun sanar da kowa ba. A wurin shaidu kuwa, sunan Mansir ne da na masinjansu. Na ce wa Mista Festus, "Hayar da kuka ci ta fi abin da kuka ba shi. Kai ba ka jin kunya?" Ya ce shi ma'aikaci ne, takarda yake bi. Na ce masu kamfanin fa? Ya ce wasu suna Jos, wasu 'yan garin nan ne. Ya ƙi faɗin suna. Daga baya na ji ƙishin-ƙishin, kuma in gaskiya ne, akwai waɗanda ke sahun gaba ranar Juma'a.

Daga nan muka shiga yawo. Muka fara da alƙali. Ya saurari Baffa, ya saurari Modibbo, ya ce in a gabansa ne maganar ba ta da wuya, jingina ba ta cinye abin da aka jinginar, ƙari kuma haramun ne. Amma kamfani ne mai rajista, takarda kuma ta Turanci, hannunsa bai kai can ba. Ya yi mana addu'a muka fito.

Muka je ofishin da ke ba masu rance lasisi. Na tarar da wani saurayi yana cin gyaɗa a kan tebur. Na ce kun san abin da kamfanin nan ke rubutawa a takardunsa? Ya ce su dai lasisi suke bayarwa, duk shekara a zo a sabunta a biya. Na ce wa ke duba yawan ruwan da suke ɗorawa? Ya ce akwai doka a kan haka. Na ce na san akwai, wa ke dubawa? Ya ce mai wannan aikin Bature ne, ya tafi gida, ba a naɗa wani ba tukuna. Na ce kafin ya tafi ya taɓa dubawa? Ya ɗaga kai ya ce, "Malama, ke lauya ce?" Na ce a'a, ni mai biyan haraji ce. Ya ce in rubuto ƙorafi. Na rubuta, na kai da hannuna. Har yau ko amsar an gani ban samu ba.

Kamfani ne ma ya riga mu zuwa kotun majistare, wai Baffa ya ƙi tashi daga gidansu. Suka zo da lauya daga Jos. Mu kuwa daga ni sai Modibbo sai Comfort da ta rufe shago ta biyo mu. Aka nuna wa Baffa takarda aka ce wannan yatsanka ne? Ya ce nasa ne. Mutumin da ba ya ƙarya a kan haƙorin saniya ba zai yi a kan yatsansa ba. Ya fara bayani, ya ce a wurinsu in ka jinginar da saniya, sai tafinta ya katse shi ya ce kotu ba ta tambaye shi zancen shanu ba. Aka yi dariya a bayanmu. Mansir ya tashi ya dafa Alƙur'ani ya ce ya fassara masa takardar kalma-kalma. Modibbo ya miƙe zai yi magana, aka ce ya zauna, sunansa ba ya cikin shaidu. Kafin azahar an gama. An ba Baffa wata ɗaya ya kwashe kayansa.

Bai kwashe ba. Ba taurin kai ba ne, ya kasa yarda ne. Kullum yana cewa in manyan kamfanin suka ji ainihin yadda aka yi za su kira shi. Ana cikin haka aka yi bikin mulkin kai. Ni da hannuna na raba wa 'yan makaranta tutoci, na koya musu waƙa, na gaya musu daga yau ƙasa tamu ce. Ba a yi sati biyu ba 'yan kotu suka zo da Mansir.

Dada ba mai magana ba ce, shekarun da na yi da ita ban taɓa jin muryarta ta haura katanga ba. Ranar ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu ta ce, "Mansir, kai ne? Kai da nake dama wa fura kyauta kana yawo ba wando? Uwarka ta san inda kake yau?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Dada, aiki ne." Comfort ta ce, "Aiki na ɓarawo! Ka sa agogo ka zo ka kori tsoho. Allah yana gani ka." Aka ce ita ba a kore ta ba, ta ci gaba da zama ta biya sabuwar haya. Ta ce ko kyauta ne ba ta zama. Ta ɗora kekenta a amalanke, ta dawo ta ɗauki ƙullin kayan Dada a ka. Baffa ya shiga ya fito da sandarsa da buzun sallarsa, ya tsaya yana kallon yadda ake sa kwaɗon, har ya ce wa mai sawa ya ɗaga ƙyauren kaɗan, in ba haka ba ba ya shiga.

Yanzu suna Miri, a wata bukka a gefen gidan Hammawa. Mutumin da ya bar ruga da ƙarfinsa ya yi shekara ashirin yana kwaɓa ƙasa don kada ya mutu a gidan wani, ga shi a gidan surukinsa yana jiran a miƙo masa tuwo. Ya daina zuwa kasuwar shanu, tafiyar ta yi masa nisa, idon ma ya fara hazo. Na je duba su watan jiya. Dada ta rame. Kuɗin fansar suna wurin Modibbo yadda aka ƙulle su. Na ce, "Baffa, ka karɓi kuɗin nan ka sayi ko tumaki ne, ku rage zafi." Ya ce, "Ba nawa ba ne, Malama. Nasu ne. Ranar da suka ba ni gidana sai su ɗauka."

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A kan hanyar nan tamu kawai na san Habila kafinta, na san wata gwauruwa da mijinta ya dangwala yatsa ya mutu ya bar ta da takardar. Duka ta hannun Mansir, duka da kalmar jingina aka shigo musu. Yanzu an ce wani ɗan kwangilar dogo ya taya gidan Baffa, ana jiran a gama ciniki kafin azumi, ya rushe ya yi shaguna.

To ku da kuka hau kujerun da Turawa suka bari, da ku nake. Da kuna cewa ba ku ke da iko ba. Yanzu ku ke da shi, ba sauran wanda za ku nuna da yatsa. Ku tsayar da cinikin gidan nan kafin a sa masa diga. Ku kira masu Kamfanin Rancen Sauƙi da sunayensu, ba manajansu ba, su zo su lissafa hayar da suka ci a gaban Modibbo da mutanen unguwa, su karɓi fam talatin ɗinsu, su mayar wa Hammajoda makullinsa. Ku naɗa mai duba masu ba da rance, wanda zai tashi daga kujera ya je ya buɗe takardunsu, wanda aka samu da irin wannan a karɓe lasisinsa a ranar. Kuma daga yau duk takardar da za ta iya raba mutum da gidansa, a karanta masa ita da harshen da yake ji, a gaban shaidan da shi ya zaɓa, a ba shi tasa ya tafi da ita. Ƙorafina yana ofishinku da sunana da unguwata a jiki. Ku nemo shi ku ba ni amsa tun tsohon nan yana da rai.